Inna, Ranar Asabar Zan Dafa Giyarki

Manassas, Amurka, Oktoba 2015

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Lami,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina cikin hutun da duniya ta hana ki. Mu nan ƙalau muke. Mijina Ishaya yana nan yadda kika san shi. Jikarki Murna ta shiga sakandare, tsayinta ya wuce nawa, Hausarta kuwa har yau ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba.

Shekara shida ke nan da rasuwarki, kuma wannan ce wasiƙar farko da na taɓa rubuta miki. Da kina raye ma sai an nemo mai karanta miki. Da gangan na sa ta a fili, inda duk wanda ya san ni a ƙasar nan zai gani, domin akwai maganar da nake so su ji tare da ke.

Ranar Asabar mai zuwa zan dafa giya, Inna. Giyar dawa irin taki, a garejin gidana. Ni Saratu, shugabar zumuntar mata a majami'armu, matar dattijon ikilisiya. Na san da za ki ji, sai kin ajiye muciya kin dube ni daga sama har ƙasa, kin tambaya ko zazzaɓi ne ya hau mini kai.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Muna da maƙwabci, wani tsohon Bature mai suna Walter, ya yi ritaya ya rasa abin yi da kansa. Wata rana da la'asar cikin watan Mayu na taso daga asibitin da nake aikin gwajin jini, ina buɗe ƙofar mota sai wani ƙamshi ya dake ni, ƙamshin tsiron hatsi a kan wuta. Ina tsaye a bakin titi da makulli a hannu, amma hancina yana tsakar gidanmu na ƙauye, can bayan Malumfashi. Ban san lokacin da na tsallaka zuwa garejinsa ba.

Na tarar da shi da ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kan murhun gas, yana juyawa yana fito. Ƙofa a wangale, masu wucewa suna ɗaga masa hannu. A bango ga wasu ƙyallaye masu launi da ya ciwo a gasa, ya jera su kamar hotunan jikoki. Ya ce mini har faston cocinsu yakan leƙo ya ɗanɗana. Na yi masa murmushi na ce abin sha'awa. A raina kuwa wani abu ya tokare ni, har yau bai faɗa ba. Aikin da ya sa aka mai da ke abin nunawa da baki, shi ne nan ake ba tsoho kyauta a kai, a ɗauke shi hoto.

Ina tuna ki da asuba kina wanke dawar da ta kwana a ruwa. Ina tuna yadda kike baza ta a kan tabarma a ɗakin baya, ki rufe da ganye, ki riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da farin gashi. Ba kya barin kowa ya shiga ɗakin da takalmi. Baba ya rasu ya bar ki da mu biyu, ni da ƙanwata Talatu, da gona ɗaya da ba ta taɓa cika rumbu ba. Da tukwanen nan uku kika ciyar da mu, da su na yi karatu har jami'a.

Ina kuma tuna ki ranar Lahadi. Shekara ashirin da wani abu kina ƙarƙashin horo saboda sana'ar nan, ba a ba ki jibin Ubangiji. Faranti ya zo layinku, mai rabo ya ɗaga shi sama ya tsallake ki, ke kuwa kina ta rera waƙa da ƙarfi kamar ba ki gani ba. Dattawan da suka yanke hukuncin, in damina ta yi suka kira gayya a gonakinsu, wurinki suke aikowa a kai tulu biyu, wai don ma'aikata. Matansu kuma su biyo ta ƙofar baya neman dusar giya don aladunsu, har da tayin gaisuwa. Ba ki taɓa hana su ba. Ni ce nake jin haushi a madadinki, daga baya sai haushin ya juyo kanki, don ke ce kusa.

Akwai ranar da nake so ki tuna, in ana tuna irin wannan a inda kike. Na zo hutu daga Zariya, ina aji biyu a jami'a, kaina ya cika da sunayen sinadarai. Kin dama niƙaƙƙen tsiro da ruwan sanyi kin bar shi ya kwanta. Sai kika ɗauki ƙwarya kina kwashe ruwan da ya taso sama, a hankali, kina zubawa a wani tulu daban. Kika rufe tulun kika kai inuwa. Ƙullun da ya rage a ƙasa kika ɗora a wuta, kika yi ta tuƙi har ya dahu ya yi kauri. Kika sauke, kika jira ya huce, kina taɓawa da bayan hannu, sannan kika ɗauko ruwan nan na inuwa kika mayar a kai.

Kika kira ni kika ce in zo in gani, ko ba zan yi ba in sani. Na zo na tsaya nesa, ina riƙe da hanci. Na ce miki wannan camfi ne da ɓata lokaci, ruwa ai ruwa ne, me ya sa za a raba shi da ƙullu sannan a mayar, a haɗa duka a dafa mana a huta. Har da Turanci na ƙara, don in tabbatar miki na yi nisa.

Kika ce, "Ruwan nan shi ne ransa, Saratu. In ya ji wuta ya mutu."

Na yi dariya har da tafa hannu. Ke kuwa kika ci gaba da juya tukunya. Ba ki sake kirana wurin murhu ba, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Da na zo ƙasar nan sai na sake miki sana'a. Duk wanda ya tambaye ni aikin mahaifiyata, sai in ce hatsi take sayarwa. Haka na faɗa wa 'yan majami'armu, haka na faɗa wa ƙawayena Musulmi na Springfield, wani gari kusa da mu, da muke musayar masa da cincin lokacin Sallah da Kirsimeti, haka na faɗa wa Murna. Da kika rasu takarduna ba su fito ba, ban samu zuwa jana'iza ba. Mutane suka cika mini falo don gaisuwa, fasto ya yi addu'a mai tsawo ya kira ki 'yar kasuwa mai tsoron Allah wadda ba ta tauye mudu. Na ce amin da ƙarfi. Ishaya kaɗai ya san gaskiya, ya dube ni ya sunkuyar da kai.

To, tun ranar da na shiga garejin Walter ban sake samun sukuni ba. Na riƙa komawa, wai ina kallo. Shi kuma ya samu mai saurare, sai ya buɗe baki. Ya ce shekaru yana yi da wani ruwan tsiro na gwangwani mai kama da maɗi, amma giyar gaske sai an fara daga hatsi. Ya nuna mini hanyar da ya ce ta fi sauƙi ga mai koyo. Tukunya ɗaya ce, da wani buhu na yadi mai ƙananan huji kamar gidan sauro. A shimfiɗa buhun a cikin tukunya, a ɗumama ruwa daidai awo, a zuba niƙaƙƙen tsiro duka a ciki, a rufe a lulluɓe da bargo awa guda. Sannan a ɗaga buhun a matse, ruwa mai zaƙi ya rage a tukunya, dusa ta fita da buhu. A tafasa ruwan da wani fure mai ɗaci, a huce shi, a sa yis, irin abin da ke tayar da ƙullun burodi. Shi ke nan.

Ina jin haka na tuna bayanki da ya lanƙwashe a kan matata, kina tace tukunya uku da hannu. Ashe buhu ɗaya ya isa. Na ce a raina, ga shi nan, abin da na faɗa miki tun a Zariya, a haɗa duka a huta.

Ya ce in fara da sha'ir, akwai shago a Manassas da ke sayar da shi a tsire a niƙe, sai dai in auna. Na ce ni dawa zan yi. Ya ce dawa tana da taurin kai. Na ce mun saba.

Na samo jar dawa a shagon kayan Afirka. Na jiƙa ta a bokiti a ɗakin ƙasa inda muke wanki, na baza a kan leda, na rufe da jiƙaƙƙen zani tun da babu ganye. Kwana huɗu ina sauka safe da yamma ina yayyafa ruwa. Ran da ta fito da farin gashi na durƙusa ina kallonta kamar sabuwar haihuwa, na kuma lura da takalmana a ƙofa, na tuɓe su ban sani ba. Ishaya ya tambaya, na ce kunu zan yi. Kin ga har a gidana ban daina ba.

Na shanya, na niƙa, na ɗebi kaɗan na gwada a ƙaramar tukunya kafin in saka duka. Na bi dokar buhu ba ƙari ba ragi. Ma'aunin zafi yana hannuna, ruwa ya kai ɗari da hamsin da biyu a awon mutanen nan, na zuba, na rufe, na duba agogo. Bayan awa guda na ɗaga buhu. Abin da ya rage wani tsululun ruwa ne fari, kamar wankin ƙwaryar koko. Walter ya lasa ya ce babu zaƙi ko kaɗan. Na ɗiga ruwan aidin, maganin nan da ake sa wa rauni, a kan cokali ɗaya, yadda muke yi a ɗakin gwaji, ya koma baƙi ƙirin. Ma'anarsa sitaci yana nan yadda yake, bai juya ya zama sukari ba. Tsohon ya sosa ƙeya ya ce shi dai da sha'ir bai taɓa ganin haka ba.

Sai na koma ga abin da na fi yarda da shi a duniya, wato littafi. Na bincika rubuce-rubucen masana a kan dawa, kuma ban sha wahalar samu ba. Sitacin dawa ba ya dahuwa sai da zafi mai yawa, fiye da na sha'ir. Sinadarin da tsiro ke fitarwa, wanda ke juya sitaci ya zama sukari, shi kuma ba ya jure wannan zafin, lalacewa yake yi. In ka rage wuta sitaci ya ƙi, in ka ƙara wuta sinadari ya tafi. Mafita ɗaya suka rubuta, da dogon Turanci da zane-zane. A dama da ruwan sanyi, a bari ya kwanta, a kwashe ruwan sama domin a cikinsa sinadarin yake, a ajiye gefe. A dafa ƙullun shi kaɗai, a bari ya huce, a mayar da ruwan.

Inna, na zauna a kan matakalar ɗakin ƙasa na kasa tashi. Digiri biyu gare ni. Shekara ashirin da biyu ya ɗauke ni kafin in iso inda kike tsaye da ƙwarya a hannu, kuma ko da na iso, sai da wasu suka faɗa da Turanci sannan na yarda. Ban san wa zan fi jin haushi ba, makarantar da ta koya mini raina ki, ko majami'ar da ta koya mini jin kunyarki, ko ni da na haddace darasin duka biyun na ci jarrabawa.

Littafi ya ba ni lambobi, amma bai faɗa mini abin da bayan hannunki ke ji ba. Bai faɗa mini tsawon lokacin da kike barin ƙullu ya kwanta ba, ko yadda kike gane tsami ya kama daidai kafin dahuwa ta biyu. Sai na kira Talatu, tun da ita ta tsaya kusa da ke har ta iya. Kin san yanzu ta zama ta gaba-gaba a ƙungiyar addu'a. Ta ce ita ta tuba daga wannan, bakinta ba zai koyar da zunubi ba, ni da na yi boko in tambayi boko. Na ce ba don sha nake nema ba, don in san aikinki ne. Nan ta fusata, ta ce yanzu ne na san kina da aiki, sannan ta faɗa mini abin da kuka ɓoye mini shekara takwas.

Kin tuna Mama Rahila, dattijuwar majami'armu ta nan, wadda ta je gida ganin danginta shekara biyu kafin ki rasu? Na ba ta saƙon zani da maganin ciwon gwiwa. Na ce ta bar wa wani a Malumfashi, amma ta ce sam, sai ta ga uwar Saratu da idonta. Mako uku ban ci abinci da daɗi ba. Da ta dawo ta rungume ni a gaban mata, ta ce ta tarar da ke a ƙofar gida da buhun dawa da mudu, kina ta fama, Allah ya sa albarka. Na ɗauka sa'a na yi, ta zo ranar da ba kya dahuwa.

Talatu ta ce ranar dahuwa ce. Ta ce tun da daɗewa labari ya iso miki cewa a Amurka mai hatsi ce ke. Da aka ce ga baƙuwa daga wurin Saratu tana kan hanya, tukwane uku suna kan wuta. Kika janye itacen da hannunki kika zuba ruwa a murhu. Ke da Talatu kuka ja tukwanen da zafinsu zuwa bayan rumbu, kuka rufe da zana, har kika ƙone a damtse. Kika ƙona turare a tsakar gida, kika sake zani, kika aro mudu a maƙwabta, kika fitar da buhun dawar da kike shirin jiƙawa kika zauna a ƙofa. Dahuwar ranar duka ta lalace, aladu aka ba. Talatu ta ce da baƙuwar ta tafi, ita Talatun ta fara zagina, kika hana ta.

Kika ce, "Bar ta. A can ita kaɗai ce, ba ta da kowa sai mutuncinta."

Inna, me ya sa ba ki zage ni ba? Da kin kira ni kin wanke ni tas, da na yi kuka na ba ki haƙuri, da yanzu an wuce wurin. Dattawan ikilisiya sun yi shekara ashirin suna matsa miki ba ki kashe wutarki ko sau ɗaya ba. Ni ce na sa kika kashe ta, daga nan inda nake, ban ma san na yi ba. Muka ci gaba da gaisawa a waya shekara biyu, kina tambayar Murna da sanyi, damtsenki da tabo, ba ki taɓa nuna mini a murya ba.

Ga shirin da na yi na Asabar, ki duba mini. Tsiron jar dawa laba goma sha biyu, wajen kwano biyu da ɗan ɗori a awonmu. Ruwa galan bakwai. Zan dama da ruwan sanyi a cikin buhun tun da safe, in bari ya kwanta, in kwashe ruwan sama da ƙwaryar da nake shan fura da ita, don ita kaɗai gare ni. Zan juye ƙullun in dafa shi ba buhu, kada yadin ya kama gindin tukunya. In ya huce in mayar da ruwan, in rufe da bargo. Buhun sai a ƙarshe zai yi aikinsa na tacewa, nan kam na yarda ya fi matatarki sauƙi. Walter ya ce wannan ba hanyar buhu ba ce kuma, na ɓata ta. Ya ce in ban sa furen nan mai ɗaci ba, ba za ta jure ajiya ba. Na ce taki ba a ajiye ta, kwana biyu ce rayuwarta. Ma'aunin zafi zan riƙe a hannun dama, amma sai na fara taɓawa da bayan hannun hagu, ko zai koyi wani abu.

Jiya na zaunar da Ishaya da Murna na faɗa musu komai. Murna ta yi ta tambaya da Turanci, ita burge ta abin ya yi, ba ta ma ga inda kunyar take ba. Ishaya kuwa ya gani. Mutumin kirki ne, kuma ya san abin da zai biyo baya kamar yadda na sani. Za a kira zaman dattawa, shi zai zauna a ciki ko a ce ya fita. Shugabancin zumuntar mata ba zai kai Kirsimeti a hannuna ba. Wasu da suka ci tuwo a gidana za su daina ɗaga wayata. Ya roƙe ni abu ɗaya, in dai sai na yi, in sauke ƙofar gareji, kuma kada in rubuta. Na ce masa an riga an rufe tukwanen nan sau ɗaya saboda ni, ba za a ƙara ba.

Saboda haka ku da kuke karantawa ta bayan kafaɗata, ku ji da kyau. Mama Rahila, ki yi haƙuri, wasan kwaikwayo aka yi miki. Mahaifiyata ba ta taɓa sayar da hatsi ba. Burkutu take dafawa, kuma a ƙauyuka biyar babu wadda ta kama ƙafarta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan, Innata. Ko ta yi kyau ranar Asabar, ba ni da yadda zan sani. Walter zai kurɓa ya gaya mini ra'ayinsa na Bature. Talatu ba za ta taɓa ba. Ni kuwa na girma a gindin tukwanenki, na ci na sha na yi sutura daga cikinsu, amma ban taɓa barin ko ɗigo ɗaya ya taɓa harshena ba, har da ruwan zaƙin da ba ya bugarwa, wanda kike miƙo mana a ludayi muna yara, Talatu ta karɓa ni in kau da kai. Zan ɗaga ƙwarya in kurɓa, in rasa abin da zan gwada ta da shi.

Ki yafe mini. Ubangiji da ya ga abin da mutane suka ƙi gani, ya karɓe ki a teburinsa, ya miƙa miki da hannunsa. Ya warkar da damtsenki, ya miƙar da bayanki, ya ba ki inuwa mai sanyi. Ya sassauta zuciyar Talatu a kaina, ya ba Ishaya ƙarfin abin da na jawo masa. Ni kuma ya ba ni hannun da ba zai yi rawa ba ranar Asabar, in na zo kwashe ruwan nan. Amin.

Taki, wadda ta makara,
Saratu